Abubakar Imam: Matafiyin Zariya da bai taɓa dawowa hannu rabbana ba

Wanda ya fito daga cikin birnin Zazzau ta Ƙofar Doka ya gangara Tudun Wada, ba zai yi nisa ba zai ji ana ambaton Gaskiya, ko dai titin, ko unguwar, ko tsofaffin gine-ginen maɗaba'ar da ke Tukur-Tukur. Sunan ya samo asali ne daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ba a raba sunan jaridar da na editanta na farko, Alhaji Abubakar Imam.

Yawancin Hausawa sun san Imam ne ta bakin akun nan na Magana Jari Ce, ko ta rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, shi kansa marubucin matafiyi ne. Sau biyu ya bar Zariya ya yi doguwar tafiya da ta shafi rayuwar mutanen Arewa: a 1943 ya ratsa tekun Atlantika zuwa Ingila ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1953 kuma ya tafi aikin Hajji domin ya gane wa idonsa wahalar da alhazan Najeriya ke sha. Duka biyun ya tafi ne a matsayin ɗan aike, ya kuma dawo ya yi wa waɗanda ya bari a gida bayanin abin da ya gano.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara, wanda a lokacin ke cikin lardin Kwantagora, yanzu kuma a Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka da allo da tawada ya fara karatu kafin ya san boko. Yayansa, Malam Bello Kagara, shi ma malami ne kuma marubuci, shi ne ya rubuta Ganɗoki.

Tafiyarsa ta farko ta neman ilmi ce. Ya bar Kagara yana yaro ya koma Katsina, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ɗauke shi koyarwa a Makarantar Midil ta garin. Kwalejin ce ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, kuma a wancan zamani ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa baki ɗaya.

A 1933 wani Bature jami'in ilmi, Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga Arewa yana neman malaman da za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan gasa akwai Ruwan Bagaja na Imam, da Ganɗoki na yayansa, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East.

Ruwan Bagaja labarin tafiya ne tun daga farko har ƙarshe. Saurayi ya bar gida don ya nemo wani ruwa mai warkarwa, ya shekara da shekaru yana yawo gari-gari, yana shan wuya yana yin dabara, kuma labarin bai cika ba sai da ya komo gida da ruwan a hannu. Imam yana da kimanin shekara 22 ya rubuta shi, bai san cewa irin wannan aiken na jiransa a zahiri ba.

Zariya ta karɓi baƙo

East ya ga hazaƙar matashin, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Imam ya zo Zariya ya yi kimanin wata shida, aka tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa ya karance. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, littafi uku, aka fara buga shi a 1937. Da yawa daga cikin labaran baƙi ne, amma Imam ya tuɓe musu kayan ƙasarsu ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fada da kasuwa da zaure, har mai karatu ba ya jin wani baƙon ƙamshi. Wannan gwaninta ta ɗauko abu daga nesa a sarrafa shi ya dace da gida ita ce ya yi amfani da ita daga baya a tafiye-tafiyensa.

Garin da ya sauka ya saba da baƙi masu neman sani. Tun kafin zuwan Turawa almajirai ke tahowa daga nesa zuwa zaurukan malaman unguwannin Juma da Ƙona don karatun nahawu da lugga. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da masu gangarawa Nufe suna yada zango a Zazzau. Turawa masu yawon bincike ma sun ratsa ta ƙofofinta, irin su Clapperton a 1826. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai garin ya tashi ya faɗaɗa a wajen ganuwa: Tudun Wada daf da Ƙofar Doka, Sabon Gari kuma can kusa da tashar jirgi. A wannan sabuwar Zariya ta bayan ganuwa aikin ɗab'i ya kafu, tsohon birni kuma, da fadar Sarkin Zazzau Ja'afaru ɗan Isyaku wanda ya hau gadon sarauta a 1937, ya ci gaba da riƙe al'ada da karatun zaure. Imam ya zama mai kai da komo tsakanin biyun, yana jin harshen kowane ɓangare.

A watan Janairun 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Imam ne editanta na Hausa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne jita-jitar da ta cika gari cewa Ingila za ta miƙa Najeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Kafin shekarar ta ƙare yaƙi ya ɓarke, jaridar ta zama tagar da mutanen Arewa ke leƙa duniya. Akan sami mai karatu ɗaya ya karanta da ƙarfi a zaure ko a gindin bishiya, mutane da yawa na saurare. Sojojin Arewa da aka kai fagen fama ma ta wannan jarida suke jin labarin gida.

Teku a lokacin yaƙi

A 1943 hukumar British Council ta gayyaci editocin jaridu takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu da ke ƙarƙashin Ingila, wato Najeriya da Gwalkwas, wadda ita ce Gana a yau, da Saliyo da Gambiya, su je su ga yadda Ingila ke fama da yaƙi. Fitacce a cikinsu shi ne Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot. Imam, yana ɗan shekara 32, shi kaɗai ne ɗan Arewa a tawagar.

Ba shi ne Bahaushe na farko da ya tsallaka wannan teku ba. Dorugu ya bi Bature Barth zuwa Ingila a 1855. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya biya ta Ingila a hanyarsa ta Makka a 1921. Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero sun je a 1934. Amma sarakunan nan a lokacin zaman lafiya suka je, sa'ad da jirgin fasinja kan yi kimanin mako biyu tsakanin Ikko da Libaful.

A 1943 lamarin ya sha bamban. Jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suna sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Manyan jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster da mutanen Ikko suka saba gani, Accra da Apapa da Abosso, duk an riga an nutsar da su, kuma a Abosso kaɗai fiye da mutum 350 suka halaka a watan Oktoban 1942. A daren ƙarshe na Afrilun 1943 jirgin Jamus guda ɗaya ya nutsar da jirage bakwai daga ayarin da ya taso daga Takoradi zuwa Firitawun. A watan Yuli kuma jiragen saman Jamus suka ƙone manyan jirage biyu, California da Duchess of York, a yamma da gaɓar Fotugal, suna kan hanyar zuwa Saliyo.

Saboda haka jirage ba sa tafiya ɗai-ɗai sai a ayari, da rakiyar jiragen yaƙi, kamar dai yadda fatake kan haɗu su ratsa dajin 'yan fashi. Akan taru a Firitawun a jira umarni. Da dare ba a kunna fitilar da za a hango daga waje. Jirgi ba ya miƙe hanya, sai ya yi ta karkace-karkace don kada maharbi ya daidaita shi, kuma hakan na ƙara wa tafiya kwanaki. Kowane fasinja da rigarsa ta hana nutsewa a kusa da shi. A irin wannan hali ɗan Kagara, wanda ya tashi a ƙasar da babban ruwanta kogi ne, ya yarda ya shiga jirgi. A wannan shekarar ce kuma aka kwashi dubban sojojin Afirka ta Yamma, da yawansu Hausawa, ta teku zuwa Indiya a kan hanyarsu ta Bama.

Ingilar da ya tarar ba irin wadda ake kwatanta wa yara a makaranta ba ce. Unguwanni a Landan sun zama kufai saboda ruwan bama-baman 1940 da 1941. Nama da sukari da man shanu da tufafi duk sai da katin rabo, mai kuɗi da talaka kowa da iyakar abin da zai saya. Mata na aiki a masana'antun makamai da gonaki saboda maza sun tafi yaƙi. Ga Musulmi kuma akwai wani sabon lissafi, domin a tsakiyar shekara rana kan daɗe ƙwarai ba ta faɗi ba a can, lokutan salla ba kamar na Zariya ba.

Takardar da ya ƙi sa wa hannu

Babban abin da ya faru a tafiyar bai shafi yawon ganin gari ba. A watan Agustan 1941 Firaministan Ingila Churchill da Shugaban Amurka Roosevelt sun fitar da wata sanarwa da ake kira Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta amince cewa kowace al'umma na da haƙƙin zaɓen irin gwamnatin da take so. Da aka tambayi Churchill ko hakan ya haɗa da ƙasashen da Ingila ke mulka, sai ya nuna cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi.

Azikiwe ya ga dama ta samu. Ya shirya takarda da sunan tawagar zuwa ga Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, yana neman a soke tsarin mulkin da ake kai, a yi shekara goma na gwamnatin wakilai, sannan shekara biyar na mulkin kai, daga nan a ba da cikakken 'yanci. Lissafin ya kai 1958. Imam ya ƙi sa hannu.

Don a fahimci wannan ƙi, sai a dubi Arewar da ya baro. A 1943 babu ɗan Arewa ko ɗaya da ke wakiltar yankin a Majalisar Dokoki ta Ikko, domin majalisar ba ta ma yi wa Arewa doka, Gwamna ne ke yi kai-tsaye. Babbar makarantar gaba da midil ta gwamnati guda ɗaya ce, ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka mayar Kaduna a 1938. Akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya a Sabon Garin Zariya da na Kano galibinsu 'yan Kudu ne. Babu jam'iyya, babu wani taro da mutanen Arewa suka zauna suka ce ga abin da suke so. Imam ya ga cewa ba wanda ya aiko shi ya yanke wa miliyoyin mutane ranar 'yanci, kuma yana tsoron idan Turawa suka tashi a wannan hali, mulki zai fita daga hannun wani baƙo ya faɗa hannun wani.

Wannan mataki ya jawo masa suka mai zafi. Jaridun Kudu sun ɗauke shi ɗan amshin shatan Turawa, suna nuni da cewa jaridar da yake wa aiki ta gwamnati ce. Daga baya wasu matasan Arewa masu ra'ayin sauyi, waɗanda suka taru a NEPU a 1950, su ma sun ga irin takatsantsan ɗinsa a matsayin jan ƙafa. Masu wannan suka suna da abin kafa hujja, domin Najeriya ta sami 'yanci a 1960, shekara biyu kacal bayan wa'adin da Azikiwe ya tsara. Masu kare Imam kuma kan ce shekarun da ke tsakani ne suka ba Arewa damar kafa majalisarta da jam'iyyunta da horar da ma'aikatanta. Har yau ba a gama wannan muhawara ba.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, nisan tafiya da zaman cikin manyan 'yan boko bai sa ya manta inda ya fito ba. Tsofaffin fatake sun san wannan ƙa'ida: madugu na sanin inda ayari yake ne ta hanyar ƙirga zangon da aka baro. Matuƙan kwalekwale na tsibiran tekun Pasifik ma haka suke yi a inda babu zango ko alama. A 1976 wani gwanin tuƙi daga tsibirin Satawal, Mau Piailug, ya ja kwalekwalen gargajiya mai suna Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar fiye da kilomita 4,000 cikin kimanin wata guda, ba kamfas ba taswira. Yana lura da inda taurari ke fitowa da faɗuwa, da yadda igiyar ruwa ke bugun jirgi, da tsuntsayen da ke komawa tudu da yamma. Jigon ilmin shi ne matuƙi ya riƙe a ransa tsibirin da ya baro, da saurin da ya yi, da inda ya fuskanta, dare da rana. In wannan lissafi ya kuɓuce masa, ya ɓata ke nan ko da sararin sama garau yake. Imam ya riƙe nasa lissafin a Landan, ko da za a ce ya yi kuskure a wani ɓangare na hukuncin da ya yanke.

Zama da Gwamna Lugga

Ƙin sa hannu bai nuna cewa ya gamsu da mulkin Turawa ba, kuma ya tabbatar da haka a wannan tafiya. Ya sami ganawa da Lord Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, mutumin da dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, wanda kuma ya shimfiɗa tsarin mulkar talakawa ta hannun sarakuna. Lugga na da shekara 85 a lokacin, ya daɗe da barin aiki, amma maganarsa na da nauyi a ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka.

Imam bai tsaya gaisuwa da yabo ba. Ya bayyana wa tsohon yadda tsarin da ya kafa ya koma bayan shekara 40: ilmin boko na tafiyar hawainiya, matasan da suka yi karatu ba a jin shawararsu, talaka ba shi da inda zai kai kuka idan hukumar En'e ta zalunce shi, jami'an Turawa kuma sun fi son jin abin da zai faranta musu rai. Maganar ba ta ƙare a zama ɗaya ba, wasiƙu sun biyo baya a tsakaninsu kafin Lugga ya rasu a watan Afrilun 1945.

Ga ma'aikacin jaridar gwamnati wanda zai dawo ya ci gaba da zama ƙarƙashin Razdan da sarakuna, wannan ba ƙaramar kasada ba ce. A tafiya ɗaya ya saɓa wa Azikiwe, ya kuma faɗa wa Lugga abin da ba lalle ya so ji ba.

Tsarabar da ya kawo

Da ya komo Zariya sai ya zauna ya rubuta labarin tafiyar, aka buga a 1944 da sunan Tafiya Mabuɗin Ilmi. Sunan karin magana ne da kowane Bahaushe ya sani, amma Imam ya ɗauke shi da gaske. Ya rubuta littafin ne domin wanda bai taɓa ganin teku ba, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa gani ba: malamin makarantar elementare, da akawun En'e, da ɗan kasuwar da ake karanta wa jarida. Da Hausa mai sauƙi da barkwancin da aka san shi da shi ya kwatanta musu abin da ya gani da abin da suka sani, yadda ya yi wa baƙin labarai a Magana Jari Ce. Littafin na cikin na farko-farko da Bahaushe ya rubuta labarin tafiyarsa da kansa da Hausar boko.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da sauye-sauye da sauri. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur da maɗaba'arsa. A shekarar ce aka tura rukunin farko na malaman Arewa, ciki har da Tafawa Ɓalewa, ƙaro ilmi a Landan, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. Tsarin mulkin Richards ya shigar da Arewa majalisar ƙasa a 1947. Imam na cikin 'yan bokon da suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da su Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama NPC. Bayan kimanin shekara 12 a kujerar edita, aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa a 1951, daga can kuma ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko.

Hajjin bincike

A majalisar Ikko aka fi tunawa da 1953 saboda ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, da ihun da aka yi wa wakilan Arewa, da rikicin Kano da ya biyo baya a watan Mayu. Amma a farkon wannan shekara Imam ya gabatar da wani ƙuduri da bai yi ƙara kamar wancan ba: a buɗe ofishin Najeriya a Jidda domin kula da alhazai.

A lokacin yawancin maniyyata ta ƙasa suke tafiya. Su bi ta Maiduguri, su shiga Chadi, su ratsa Darfur da Kordofan har bakin Bahar Maliya, su jira jirgin ruwa a Sawakin ko Fot Sudan. Talaka kan yi shekaru a hanya, yana tsayawa aikin auduga a gonakin Jazira don ya tara guzuri. Wasu sun mutu a hanya, wasu sun zauna a Sudan har abada, kamar zuriyar mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru da suka kafa garin Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda ba shi da takardu kan faɗa hannun masu ƙananan jiragen ruwa da ke tsallakar da mutane a ɓoye. Masu hali sun fara tashi ta jirgin sama daga Kano ta hannun 'yan kasuwa irin su Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim, amma ko su idan sun sauka Jidda babu wata hukumar ƙasarsu da za ta tsaya musu.

Majalisa ta karɓi ƙudurin, ta nemi Imam ya kawo tsarin yadda za a aiwatar. A nan halinsa ya sake bayyana. Abin da ya sani game da wahalar alhazai duk ji ne daga bakin mutane, shi kuma bai yarda ya rubuta shawara a kan abin da bai gani ba. Sai ya shirya ya tafi Hajjin wannan shekara, wanda ya faɗo a watan Agusta cikin tsananin zafin Hijaz. Ya sauke farali, ya kuma lura da masauki da rashin lafiya da sha'anin takardu da kuɗi. Da ya dawo ya miƙa rahoto, yana ba da shawarar a naɗa jami'in da zai riƙa raka alhazai kowace shekara, a kuma tanadar musu kula da lafiya da wurin sauka.

Ba a yi komai dare ɗaya ba, amma hanya ta buɗe. Sardauna Ahmadu Bello ya je Hajji a 1955 ya ga lamarin da kansa. Aka fara tura jami'an alhazai Jidda, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi a 1957. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, wadda NAHCON ta gada a 2006. Maniyyacin da ke karɓar allurar rigakafi da jaka da lambar masauki a sansanin alhazai a yau yana cin gajiyar aikin da mutane da yawa suka yi, kuma rahoton 1953 na cikin tubalan farko.

Sauran rayuwa

Imam bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma aikin hukuma, ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa a daidai lokacin da ake fafutukar cike ofisoshi da 'yan yankin, wato matsalar da ta hana shi sa hannu a Landan. Daga baya ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraron koke-koken jama'a, aikin da ya dace da mutumin da ya taɓa kai kukan talaka gaban Lugga. Bai ajiye alƙalami ba, ya karkata ga littattafan addini, ciki har da Tarihin Annabi Kammalalle. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta. Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yunin 1981 yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa Abdurrahman Mora ya tattara tarihin rayuwarsa da takardunsa, kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1989.

A yau tafiyar da ta ci wa Imam makonni cikin fargaba ana yin ta cikin sa'o'i. Dubban mutane na tashi daga Kano da Kaduna da Abuja kowace shekara zuwa Makka da Alƙahira da Dubai da Landan, wasu karatu, wasu kasuwanci, wasu neman magani, wasu jami'an gwamnati ne da aka tura da kuɗin jama'a su koyo aiki. Wasu matasa kuma na bi ta Agadas su ratsa hamada, su shiga kwalekwalen roba a Bahar Rum ba tare da sanin abin da ke gabansu ba, saboda waɗanda suka riga su zuwa hotunan jin daɗi kawai suke turowa. Samun labarin tafiya na gaskiya da Hausa, mai faɗin daɗi da wuya, da abin da ya kamata a ɗauka da wanda ya kamata a bari, har yanzu yana da wahala.

Imam ya je Ingila ya dawo da littafi da wasiƙu. Ya je Makka ya dawo da rahoto. Ɗaliban da ke wucewa ta Ƙofar Doka kowace safiya sun san akun Magana Jari Ce, amma kaɗan ne cikinsu aka taɓa ba su Tafiya Mabuɗin Ilmi su karanta. Malaman Hausa da masu ɗab'i a Zariya su ne suka fi kowa damar gyara wannan.